Lemon kwali da jam: wa ke duba su bayan sun shiga kasuwa?

A watan Maris na 2021, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi, asibitocin Kano suka fara karɓar mutane masu amai da jiri da fitsarin jini. Zuwa tsakiyar Afrilu, kwamishinan lafiya na jihar a lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya fito ya ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, 50 daga cikinsu kuma abin ya taɓa musu ƙoda. Abin da ya haɗa su shi ne lemon da ake damawa da gari. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ta yi gwaji, sai ta sanar cewa abin da aka sayar wa masu haɗa lemon da sunan ɗan tsami ba ɗan tsami ba ne, wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin, wanda ba abin da ya haɗa shi da abinci. An kuma ci karo da garin lemo da wa'adinsa ya riga ya ƙare.

Aka yi kame, aka ƙwace kaya, sannan aka shiga gidajen rediyo da nasihar da kowa ya haddace: ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar da kaya za su lalace. Nasihar ba ƙarya ba ce, amma ni a ganina ta zama mafakar hukuma. Tana sauke nauyi daga kan wanda ke da ɗakin gwaji da ma'aikata da ƙarfin doka, ta ɗora wa wanda ba shi da komai sai ido da harshe. Yaron da ya sayi ƙullin lemo mai sanyi a ƙofar makaranta, wace lamba zai duba? Ita kanta matar da ta haɗa lemon, awo ta sayo a farar leda, kuma farin gari duk kamarsa ɗaya. Ko da ta so ta tantance, ba ta da abin tantancewa.

Lambar rajista ba ta ce komai ba illa wannan: wata rana kamfani ya kai samfur, an je an duba masana'antarsa, an amince. Takardar galibi shekara biyar take yi. A cikin shekarun nan biyar za a canza mai kawo kayan haɗi, farashin sukari da na dala zai tashi a nemi inda za a rage, inji zai tsufa, kaya za su kwana a kan tirela daga Legas zuwa Maiduguri. Lambar tana nan a jikin kwali yadda aka buga ta, ba ta san an yi ba. Balle kuma ita ma bugawa ake yi. A watan Disamba na 2023 NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, ta rufe shaguna sama da 240 da aka mayar wuraren haɗa jabun kayan sha, ana ɗurawa a kwalabe masu tambarin sanannun kamfanoni. Wanda ya iya kwaikwayon tambari, jera 'yan lambobi a ƙasan kwali ba zai gagare shi ba.

To a bar batun jabu, a zo kan na gaske, na manyan kamfanonin da ba wanda ke zargin sun tashi da niyyar cutar da kowa. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Pioneer Foods na Afirka ta Kudu ya janye lemon tuffa samfurin Ceres daga Kenya da Uganda da wasu ƙasashe, saboda an samu gubar fatulin ta haura ƙa'idar maikirogiram 50 a kowace lita. Fumfunar da ke kama ruɓaɓɓiyar tuffa ce ke haifar da wannan guba. Ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano, kuma zafin da ake dafa lemo da shi don kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da ita. Kwalin yana da rajista, wa'adinsa bai ƙare ba, bai kumbura ba. Duk nasihar rediyo ya cika ta. A Amurka kuma, cikin 2023, an gano dalma a cikin markaɗaɗɗiyar tuffa mai kirfa da ake sayar wa ƙananan yara a 'yan jakunkuna, wadda ake yi a ƙasar Ekwado. Yara sama da 500 abin ya shafa. Yadda aka gano shi ne abin lura: jami'an lafiya na jihar Karolina ta Arewa ne suka ga dalma ta yi yawa a jinin wasu yara a gwajin da aka saba yi musu, suka bi sawu har zuwa abin da yaran ke ci.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni dariya da takaici a haɗe. A 2004 wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar sakandare a ƙasar Niyu Zilan suka auna bitamin C da ke cikin lemon Ribena don aikin aji, sai suka tarar kusan babu, alhali talla cewa take yi maƙare yake da shi. Kamfanin bai saurare su ba da farko. A 2007 kotu ta ci kamfanin, wato GlaxoSmithKline, tarar da ta haura dala 200,000 ta kuɗin ƙasar.

Abin da ya haɗa labaran nan shi ne, duk an gano matsalar ce bayan kaya sun shiga kasuwa, kuma gwaji ne ya tona. Shi ya sa tambayata ga hukumominmu ba ita ce ko suna yin rajista ba. Sau nawa a shekara ake shiga kasuwar Singa ko kantin unguwa a sayi kwalin lemo yadda kowa ke saya, a kai ɗakin gwaji, a fito a faɗa wa jama'a sakamakon da sunan kowane samfur? Idan ana yi, mu masu sha ba ma ganin sakamakon, kuma gwajin da mai saye bai ji labarinsa ba bai canza masa abin da zai ɗauka a kanta ba.

Shari'ar da ta fi kowacce tayar da ƙura kan kayan sha a Najeriya ma, ba a nan aka faro ta ba. A 2007 wani ɗan kasuwa ya sayi Fanta da Sprite a Legas ya kai Ingila, hukumomin can suka riƙe kayan saboda sinadarin hana lalacewa na benzowik da ke ciki ya wuce ƙa'idarsu. Sai a 2017 babbar kotun Legas, ƙarƙashin Mai shari'a Adedayo Oyebanji, ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin da ke yin lemon ya rubuta gargaɗi cewa kada a haɗa lemon da bitamin C, ta kuma umarci hukumar ta biya naira miliyan 2 kuɗin shari'a. Don a yi adalci, kamfanin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun ce lemon bai saɓa ƙa'idar Najeriya ba, wadda ta yarda da miligiram 250 a kilo yayin da Ingila ta tsaya a 150, kuma sun kafa hujja da cewa ƙasa mai zafi tana buƙatar abin hana lalacewa fiye da mai sanyi. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai zafin nan da aka kafa hujja da shi, shi ne kuma ke hanzarta haɗuwar sinadarin da bitamin C su haifar da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana mu'amala da shi. Adadin da ke samuwa a lemo kaɗan ne ƙwarai, ban ce kowa ya firgita ba. Amma lemukan roba masu ɗanɗanon 'ya'yan itace da yawa suna ɗauke da abubuwan biyu tare, kuma hanya ɗaya ce ta sanin ko kaɗan ɗin ya tsaya a kaɗan: a ɗauko wanda ya sha ranar Sakkwato a auna, ba wanda kamfani ya fito da shi daga ɗaki mai sanyi ba.

Batun rana ba ƙarami ba ne a wurinmu. Kusan kowane kwali an rubuta masa a ajiye a wuri mai sanyi, nesa da hasken rana, idan an buɗe a sa a firji a shanye cikin 'yan kwanaki. An rubuta wannan ne don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. A nan, cikin Afrilu, zafi na haura digiri 40, ga katan-katan an jera a bakin titi don masu wucewa su gani, ga na baro ana turawa tun hantsi har la'asar. Zafi yana cinye bitamin C, yana canza launi da ɗanɗano, idan kuma kwali ya ɗan huje a wajen lodi, abin da ke ciki ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Ranar da aka buga a jiki alkawari ne mai sharaɗi, kuma mun daɗe da karya sharaɗin. Ga kuma kayan da wa'adinsu ya matso, waɗanda ake karya wa farashi a tura ƙauye, inda aka san ba mai karantawa. Wasu ma goge ranar suke yi su buga sabuwa.

Duk wannan game da haɗarin da ke zuwa farat ɗaya ne, kuma gaskiya ba kullum yake faruwa ba. Lemon masana'anta da aka dafa aka rufe da kyau, ta fuskar ƙwayoyin cuta, ya fi wanda aka matse a bakin titi aminci. Wanda ya fi damuna shi ne cutarwar da ke tafiya a hankali, wadda doka ba ta hana ba, kuma mu da kanmu muke saye da kyakkyawar niyya.

Je ka asibiti lokacin dubiya ka duba gefen gadaje. Lemon kwali ne jere, kowa ya shigo da nasa: “Ga wannan a ba shi ya sha, ya ɗan ji ƙarfi.” Har gadon mai ciwon sukari ana kaiwa. Uwa ta saka wa ɗanta ƙaramin kwali a jakar makaranta tana jin ta ba shi abin gina jiki, ta fi maƙwabciyarta da ta ba nata lemon kwalba. Hoton da ke jikin kwalin ne ya gaya mata haka: mangwaro nunanne an yanka, raɓa na zuba. Kyan ɗan maciji ke nan. A ƙa'idar Kodes, kundin abinci na duniya da hukumar lafiya ta duniya WHO da ta abinci FAO suka kafa, kayan nan hawa-hawa ne. Akwai ruwan 'ya'yan itace zalla, mai ɗari bisa ɗari. Akwai nekta, wanda ake ƙara wa ruwa da sukari, inda na mangwaro ko gwaiba ya wadatar ya ƙunshi kashi 25 cikin ɗari na ɗan itacen, na abarba 40, na lemon zaƙi 50. A ƙasa da su kuma akwai tarin abin sha da ɗan itacen cikinsa bai wuce kashi 10 ko 5 ba, wani ma ƙamshi ne kawai da launi. Dukkansu a kanta ɗaya suke, da hoto iri ɗaya. Bambancin yana cikin wata 'yar kalmar Turanci da wani adadi da aka maƙale a bayan kwali da rubutun da sai ka ƙanƙance ido. A yankin da miliyoyin mutane ba sa karanta boko, balle Turanci, wannan ba sanarwa ba ce, sauke farali ne.

Ko shi mai ɗari bisa ɗarin ba magani ba ne. A kowace mililita 100 ta ruwan lemon zaƙi ko na tuffa akwai sukari wajen giram 9 zuwa 11, kusan daidai da na lemon kwalba. Kofi ɗaya mai cin mililita 250 ya kai ƙaramin cokali shida. WHO, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ba ya cikin ɗan itace cikakke ya wuce kashi 10 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, kimanin giram 50 ga babba, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Ta kuma ƙirga sukarin ruwan 'ya'yan itace a cikin wannan lissafin, domin da zarar an matse an zubar da tuƙa, jiki ba ya bambanta shi da na cokali. Wanda zai ƙoshi da shan lemon zaƙi biyu, zai iya kwankwaɗe ruwan guda huɗu a tsaye bai ji komai ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba jaririn da bai shekara ba ruwan 'ya'yan itace sam, daga shekara ɗaya zuwa uku kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a yini. Mu kuwa har a bulumboti ake zubawa.

Jam, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari a shafa a burodi, bai shiga gidajenmu kamar lemo ba, amma yana shigowa ta hanyar burodin karin kumallon 'yan makaranta da kayan gasa na masu kek. Shi ba ya ɓoye sukarinsa, domin sukarin ne ke riƙe shi: kashi 60 zuwa 65 na nauyinsa, tare da tsami, su ke hana shi lalacewa. Babban cokali ɗaya ya kai ƙaramin cokali uku na sukari. Inda ake ha'inci shi ne wajen ɗan itacen. Tarayyar Turai ta daɗe tana buƙatar aƙalla giram 350 na 'ya'yan itace a kowane kilo na jam na yau da kullum, a 2024 kuma ta amince a ɗaga zuwa 450. Ɗauki kwalbar mai araha da aka ce haɗin 'ya'yan itace ce, ja jawur, ka karanta jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa. Idan ka ga sukari, sai ruwan gulukos, sai abin kauri, ɗan itacen yana can baya kusa da launi, ka san alewa ka saya. Akwai kuma sabon yayi na masu dafa jam a gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram. Sana'a ce mai kyau, ina goyon bayanta, amma masu rage sukari don a ce nasu ya fi lafiya su sani sun cire abin da ke tsare shi, kuma gwanda da kankana da nunannen mangwaro ba su da isasshen tsami sai an ƙara musu lemon tsami. Irin wannan jam kayan firji ne na 'yan makonni, ba na ajiya a kanta ba.

Abin mamaki, tun farkon shekarun 2000, zamanin Obasanjo, Najeriya ta hana shigo da ruwan 'ya'yan itace da aka riga aka ɗura a kwalin sayarwa, don a ƙarfafa na gida. Masana'antun ɗurawa sun bunƙasa, wannan gaskiya ne. Amma da yawa daga abin da suke ɗurawa kakkauran ruwa ne da ake shigowa da shi a durom daga waje a tsinka da ruwa, yayin da lemon Binuwai da mangwaro ke ruɓewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano idan kaka ta yi. Wannan zance ne na wata rana.

Na san abin da za a ce. Mai ɗari bisa ɗari ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma idan aka matsa da doka, waɗanda za su fara ji a jikinsu su ne mata masu zoɓo da kunun aya da lemon citta, waɗanda da ribar nan suke ciyar da marayu. Haka ne, kuma ba na cikin masu son a tura 'yan sintiri su kifar musu da kula. Mai zoɓo ba ta shigo da buhun sinadari ta iyaka ba. Inda ya kamata a tsaya shi ne sama: dillalan da ke shigo da ɗan tsami da launi da ƙamshi da zaƙin roba, waɗanda ba su da yawa kuma an san shagunansu. A hana sayar da waɗannan a buɗe da awo, a tilasta ƙulla su a ƙananan fakiti rufaffu masu suna da adireshin wanda ya ƙulla, yadda ake yi wa gishiri da sinadarin ɗanɗano. Matan kuma a koya musu, ta ƙungiyoyinsu da makarantun Islamiyya da rediyo, abin da ya shafi ruwa da ƙanƙara da robobin da yara ke tsintowa a wuraren biki a ɗauraye a sake ɗurawa. Game da tsada kuwa, ban ce a hana sayar da mai kashi 5 ba. Wanda ya ga dama ya sha. Cewa na yi a faɗa masa abin da yake saye.

Kuma akwai yadda ake faɗa wa wanda bai yi boko ba. Ƙasar Cile tun 2016 ta tilasta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abin ci ko sha da sukarinsa ya wuce ƙa'ida, Meziko ta bi sahu a 2020. Yaro ma yana gane shi daga nesa. Me zai hana a ce a Najeriya duk kwalin da ya ɗora hoton ɗan itace, dole ya rubuta kason ɗan itacen a gefen hoton da manyan lambobi, sannan a zana yawan cokulan sukarin da ke ciki? Wanda ke iya ƙirga canjinsa zai iya ƙirga cokali. Kamfanin da ke zuba mangwaro na gaske shi zai ci riba, domin a yanzu yana gogayya ne da mai zuba ƙamshi a kan hoto ɗaya.

Mai saye kuma yana buƙatar ya iya buɗe baki ba tare da tsoro ba. A watan Satumba na 2023 'yan sanda suka kama wata mata a Legas bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kamfanin yana cewa ta ɓata masa suna. Ko wa ke da gaskiya a wannan rigima, saƙon da ya isa ga sauran jama'a shi ne: ka ga abu, ka yi shiru. A irin wannan yanayi ɗalibar da ta auna lemo a ɗakin gwajin makaranta za ta yi tunani sau biyu kafin ta faɗi abin da ta gani. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, da takwarorinta na jihohi, aikinsu ne su zama inda irin wannan ƙorafi zai sauka a bincika, kafin ya zama shari'a.

Saura kuɗin gwaji, wanda kullum shi ne uzuri. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta kayan sha masu zaƙi, an fara karɓa a 2022, kuɗin kuma babban asusun gwamnati suke shiga. A ware wani kaso a kan wannan aiki kaɗai. Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri duk suna da ɗakunan gwaji da malamai da ɗaliban da ke neman abin bincike. A ba su kwangila su riƙa sayo lemo da jam da garin lemo daga kasuwa duk bayan wata uku, musamman gabanin azumi da lokacin bazara, su auna sukari da kason ɗan itace da abin hana lalacewa da ƙwayoyin cuta. A buga sakamakon da sunan kowane samfur da kasuwar da aka saye shi, a ba kamfani damar kare kansa, sannan a karanta a rediyo da Hausa.